Ra'ayinmu: In Kamfani Ya Ce A'a, Magana Ba Ta Ƙare Ba

A kwanakin baya wani labari ya iso mana wanda har yanzu bai bar mu mun huta ba. Wata dattijuwa, gwauruwa, wadda ta daɗe tana hidima a Zumuntar Mata, ta tafi Turai domin ta taya ɗiyarta zaman jego. Kafin a ba ta biza sai da aka nemi takardar inshorar tafiya. Ejan ɗin da ya yi mata cuku-cukun takardu ya kawo, ta biya, ta ninke ta sa a jaka ba tare da ta san abin da ke rubuce a ciki ba. A mako na uku da saukarta ta yanke jiki ta faɗi, aka kwantar da ita a asibiti na 'yan kwanaki. Da aka miƙa wa kamfanin inshora lissafin kuɗin asibiti, sai amsa ta zo a taƙaice cewa ba za a biya ba, domin tana da hawan jini tun kafin tafiya, ba ta kuwa faɗa ba. Ɗiyar ta ci bashi, ikilisiyar gida ta yi baiko na musamman har Lahadi biyu, kowa ya ce, "Mun bar su da Allah." Babu wanda ya tambayi kamfanin ko da wane sashe na yarjejeniyar ya kafa hujja. Babu wanda ya tambayi likita ko faɗuwar tata tana da nasaba da hawan jinin. Babu kuma wanda ya nemi ganin fom ɗin da aka cika da sunanta.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Da za ta dawo, an sayo mata tikitin ɗaya daga cikin jiragen nan masu araha, daga garin da ɗiyarta take zuwa babban birnin da za ta hau jirgin Abuja. A bakin ƙofar shiga jirgi aka ce jakar hannunta ta zarce ƙa'ida, aka karɓi kuɗin da ya fi na tikitin kansa yawa. Ta biya cikin kunya da fargabar kada jirgi ya tashi ya bar ta, ko rasit ba ta nema ba.

Muna yaba wa jama'ar da suka taru suka share wa wannan baiwar Allah hawaye. Amma a ganinmu akwai abin da aka bari a baya. Wasiƙar farko da kamfani ya aiko ya ce ba zai biya ba, matsayinsa ne kawai ya bayyana, kamar yadda ɗan kasuwa yake faɗin farashinsa na farko. Bayanta akwai ƙofofin da doka ta buɗe wa mai ƙorafi, yawancinsu kuwa kyauta ake shiga. Mai yiwuwa ne kamfanin yana da gaskiya, mai yiwuwa ne kuma ba shi da ita, amma wanda bai tambaya ba har abada ba zai sani ba. Kuɗin da aka bar wa kamfani alhali bai cancanta ba, daga aljihun talakawan da suka yi baiko ya fita.

Wannan magana ta shafe mu fiye da dā, domin mutanenmu masu ƙetare teku sun yawaita. Tun da aka kafa hukumar kula da ziyarar Kirista ta ƙasa, wato NCPC, a 2007, kowace shekara ana ɗibar masu ziyara zuwa Isra'ila da sauran wurare masu tarihi. Ga 'ya'yanmu masu karatu da aiki a Ingila da Jamus da Italiya, ga iyaye masu zuwa ganin jikoki, ga masu zuwa taro ko neman magani. Dokar biza ta ƙasashen yankin Shengen na Turai, wadda aka yi a 2009, ta wajabta wa mai neman bizar ɗan gajeren zama ya nuna inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, wadda za ta ɗauki nauyin jinyar gaggawa, da kwanciya asibiti, da dawo da mutum gida ko dawo da gawarsa. Saboda haka da yawa daga cikinmu suna sayen inshora ne kamar yadda ake sayen hoton fasfo, wato abin cika sharaɗi kawai. Daga nan matsalar take somawa.

Inshora ta yi kama da adashi ta wani fanni, domin mutane da yawa ne suke zuba kaɗan-kaɗan, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa. Inda suka bambanta shi ne, a inshora ba kowane tsautsayi ake biya ba, sai wanda aka lissafa a takardar yarjejeniya, kuma bisa sharuɗɗan da ke cikinta. Dalilan da kamfanoni suka fi kafa hujja da su sanannu ne. Akwai ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya bai bayyana ba, kamar hawan jini ko ciwon sukari ko asma. Akwai rashin kiran lambar agaji ta kamfani kafin a fara jinya mai tsada, ko da zarar an samu hali. Akwai jinkirin kai rahoto, da rashin takardar 'yan sanda in an yi sata, wadda yarjejeniyoyi da yawa suke so a samo cikin awa 24. Akwai kayan da aka bari ba mai tsaro, da kuma kason farko na asara wanda yarjejeniya ta ce mai inshora ne zai ɗauka da kansa. Haka kuma yawancin yarjejeniyoyi sun cire yaƙi da tarzoma daga abin da suke biya, kamar yadda matafiya da dama suka gano bayan 7 ga Oktoba 2023, lokacin da kamfanonin jirage masu yawa suka dakatar da zuwa Isra'ila.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu fara duba namu. Sau nawa ejan yake cika fom a bayan idonmu, ya yi ta sa "babu" a gaban kowace tambaya ta rashin lafiya domin kuɗin ya yi sauƙi, mu kuwa mu sa hannu ba mu karanta ba? Dokar inshora ta Nijeriya ta 2003 ta ɗauki ejan ɗin da ya taimaka wa mutum cika fom a matsayin wakilin mai neman inshorar, ma'ana abin da ya rubuta kai ne ka faɗa. Akwai kuma waɗanda da saninsu suke ɓoye ciwo, suna ganin dabara ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin ranar da aka kwanta asibiti, likita zai tambayi maganin da ake sha, a rubuta a fayil, kamfani kuwa wannan fayil ɗin zai fara nema. Ƙarin kuɗin da za a biya saboda an faɗi gaskiya bai taka kara ya karya ba in an kwatanta shi da kuɗin kwana ɗaya a asibitin Turai. Bayan haka akwai takardun jabu da ake sayarwa a kewayen ofisoshin biza. Duk wanda aka miƙa masa takardar inshora, ya kira kamfanin da sunansa ke jiki ya tabbatar lambar takardar tana cikin littafinsu, tun yana gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, amma laifin matafiyi bai ba kamfani lasisin yin yadda ya ga dama ba. Ita dai wannan doka ta 2003 ta ce kamfani ne zai tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne, abin da kuwa bai tambaya ba, ba za a ɗauke shi muhimmi ba. Ta kuma ce saɓa wa wani sharaɗi ba ya zama hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da nasaba da hatsarin ko asarar da ake magana a kai. A watan Agusta na 2025 an sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, saboda haka mai ƙorafi a yau sai ya nemi a duba masa abin da sabuwar ta tanada. A Birtaniya kuwa, inda 'ya'yanmu da yawa suke sayo wa iyali inshora, dokar 2012 ta bambanta wanda ya yi ƙarya da gangan da wanda ya yi kuskure cikin sakaci. Na farkon ana iya soke yarjejeniyarsa baki ɗaya. Na biyun kuwa, in dai da kamfanin zai karɓe shi a kan kuɗi mafi yawa da ya san gaskiya, to sai a biya shi wani kaso daidai da abin da ya zuba. Wanda ya biya rabin kuɗin da ya kamata ya biya, rabin diyya zai samu. Rabin kuɗin asibitin Turai kuwa ba abin yarwa ba ne.

Saboda haka, ga shawararmu ga duk wanda irin wannan wasiƙa ta iso masa. Na farko, ya rubuta wa kamfanin ya nemi a bayyana masa dalilin ƙin biya a rubuce, tare da lambar sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi, da kwafin fom ɗin da aka cika, da cikakkiyar takardar sharuɗɗa, domin sau da yawa shafi ɗaya tak ake ba matafiyi. Maganar waya iska ce. In an yi waya, a rubuta rana da lokaci da sunan wanda aka yi magana da shi, sa'an nan a bi ta da wasiƙa.

Na biyu, ya zauna da wanda ya iya karatu ya kwatanta abin da kamfanin ya faɗa da abin da ke rubuce. An tambayi maganar hawan jini a fom ɗin, ko ba a tambaya ba? Mene ne ainihin kalmomin tambayar? Ciwon da ya kwantar da mutum daga wancan tsohon ciwo ya fito, ko kuwa santsi ne ya kwashe shi ya karye? Wannan tambaya likita ne kaɗai zai amsa ta, don haka a nemi wasiƙa daga likitan da ya yi jinyar, da kuma likitan gida wanda ya san tarihin lafiyar mutumin. In dalilin ƙin biya jinkirin kai rahoto ne, a nuna abin da ya hana. Wanda ke kwance ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya kiran waya ba, takardar asibiti kuwa za ta shaida hakan.

Na uku, ya shigar da ƙorafi a hukumance ga sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin. Wasiƙar ta zama gajera, ta ladabi, mai ɗauke da lambar yarjejeniya, da ranakun abin da ya faru a jere, da adadin kuɗin da ake nema, da kwafin rasit da sauran shaidu. A riƙe na asali a gida. Zagi da barazana ba sa ƙara wa hujja nauyi, sai dai su ba ma'aikaci dalilin ajiye fayil a gefe.

Na huɗu, in kamfanin ya nace ko ya yi shiru, a wuce gaba. A Nijeriya hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a a kan kamfanonin da ta ba lasisi. Akwai kuma hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta samar. In a Birtaniya aka sayi inshorar, kamfani yana da mako 8 ya ba da amsarsa ta ƙarshe, daga nan mai ƙorafi yana da wata 6 ya kai maganar ofishin mai sasanta rigingimun kuɗi, wanda suke kira Ombudsman. Ba a biyan ko sisi a can, ba a kuma bukatar lauya, in mai ƙorafi ya amince da hukuncin ofishin kuwa, dole kamfani ya bi. Abin lura shi ne wasu daga cikin waɗannan ƙofofi suna da wa'adi, wanda ya yi nawa zai tarar an rufe.

Yanzu bari mu koma kan jiragen nan masu araha. Ba mu cikin masu tsine musu, domin sun yi wa talaka rana. Bayan Tarayyar Turai ta kammala buɗe kasuwar sufurin sama a 1997, kamfanoni irin su Ryanair da easyJet, daga baya kuma Wizz Air, sun sa ɗalibi yana iya ƙetare ƙasa a kan kuɗin da bai kai na jirgin ƙasa ba. Yadda suke yi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kujerar zama kaɗai suke sayarwa a farashin da aka tallata, tare da 'yar ƙaramar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera. Jakar da za a auna kuɗinta daban, jakar hannu babba kuɗinta daban, zaɓen wurin zama daban, gyaran harafi a suna ko sauya rana daban, wanda kuma bai yi rajistar shiga jirgi ta intanet ba yakan biya tara a filin jirgi. Abin da aka saya tun a gida yana da sauƙi, abin da aka biya a bakin ƙofa kuwa ninki ne. A nan gida ma wasu kamfanoni sun fara sayar da tikiti hawa-hawa, wanda mafi arahar ciki bai haɗa da kaya ba. Gaskiyar Bahaushe ce da ya ce araha ba ta ado.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne haɗa tafiya da tikiti biyu. Mutum ya taso daga Abuja ko Legas ko Kano da manyan jakunkuna biyu cike da tsaraba, domin babban jirgi ya yarje masa, sa'an nan ya sauka ya nufi jirgi mai araha wanda aka saya dabam. Wannan na biyun bai san da alkawarin na farko ba, kowace jaka sai an biya mata. Mafi muni, in jirgin farko ya yi latti har na biyu ya tashi, babu wanda ya wajaba ya nemo masa wani, tun da yarjejeniya biyu ce da ba su haɗa hanya ba. Sai an tara kuɗin kaya da na kujera da na motar zuwa filin jirgi, wanda sau da yawa yana nesa da gari, sa'an nan ake sanin ko arahar ta gaske ce.

Duk da haka, ba kowane kuɗi da aka ce a biya ne ya halatta ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ce dole a nuna wa mai saye cikakken farashi tare da haraji tun daga farko, abubuwan ƙari kuma shi ne zai zaɓe su da hannunsa, ba a cusa masa su ya zama sai ya cire ba. A 2014 babbar kotun Tarayyar, a wata shari'a da ta shafi kamfanin Vueling, ta ce ana iya karɓar kuɗi a kan jakar da ake aunawa, amma jakar hannu mai madaidaicin girma da nauyi wani ɓangare ne na ɗaukar fasinja, bai kamata a yi mata ƙarin kuɗi ba. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Sifen ta ci kamfanoni 5 tarar Yuro miliyan 179, Ryanair kaɗai kusan miliyan 108, saboda kuɗin jakar hannu, da kuɗin zama kusa da yara ko marasa ƙarfi, da makamantansu. Kamfanonin sun musanta laifi, suka garzaya kotu. Mun kawo wannan ne domin mai karatu ya ga cewa gwamnatoci da alƙalai ma suna jayayya a kan waɗannan kuɗaɗe. In haka ne, don me talaka zai ji kunyar tambaya?

Shawararmu ga wanda aka tsare a bakin ƙofa ita ce kada ya tsaya musu har jirgi ya bar shi. Ya ɗauki hoton jakar a cikin akwatin awon, ya biya da katin banki in da hali, ya karɓi rasit, ya adana takardar tikitin da ta nuna abin da ya saya. In ya isa masauki ya rubuta ƙorafi. In jakar ta zarce ƙa'idar da ya amince da ita, to ya rungumi ƙaddara, ya ɗauki darasi. In kuwa ba ta zarce ba, ko an cire masa kuɗi sau biyu, ko an karɓi kuɗin abin da ba a yi masa ba, yana da hujja a gaban kamfani, da bankinsa, da hukumar sufurin sama ta ƙasar da abin ya faru.

Ya kamata kuma a san cewa arahar tikiti ba ta rage hakkin fasinja. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashenta, da kuma jirgin kamfanin Turai da ya nufo su daga waje, har da wanda ya taso daga Nijeriya. Ta tanadi diyyar Yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisan tafiya in an soke jirgi ba sanarwa a kan lokaci, ko an hana mutum shiga alhali yana da tikiti. A 2009 kotu ta ce jinkirin da ya kai awa 3 shi ma ya cancanci diyyar, sai in abin da ya fi ƙarfin kamfani ne ya jawo, kamar mugun yanayi. Lalacewar inji ta yau da kullum ba ta cikin wannan uzuri, kamar yadda kotun ta bayyana tun 2008. A 2025 ministocin sufuri na Tarayyar sun nemi a ƙara yawan awoyin, don haka mai ƙorafi ya duba ƙa'idar da ke aiki a ranar tafiyarsa. Dokar ta kuma ce in an soke jirgi fasinja yana da ikon karɓar kuɗinsa cikin kwana 7, ba a kuwa ba shi takardar tafiya wata rana a madadin kuɗi sai da yardarsa. A lokacin annobar korona a 2020 mutane da yawa sun karɓi irin wannan takarda don ba su san suna da zaɓi ba.

Game da kaya kuwa, yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya take ciki, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin jakar da ta ɓace ko ta lalace ko ta makara, har zuwa wani iyaka wanda tun ƙarshen Disamba na 2024 ya kai kimanin dalar Amurka 2,000. Amma ya kamata a cika takardar rahoto kafin a bar filin jirgi, a riƙe ɗan tambarin da aka liƙa a tikiti, a kuma rubuta ƙorafi cikin kwana 7 in lalacewa ce, ko cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓi jakar in makara ce. Wa'adin zuwa kotu shekara 2 ne. A nan gida, ƙa'idojin hukumar sufurin sama, NCAA, sun ce wanda ya cancanci a mayar masa da kuɗin tikiti, in tsaba ya biya a ba shi nan take, in ta banki ne cikin kwana 14. A Disamba na 2024 hukumar ta sanar da ɗaukar mataki a kan kamfanoni 5, biyu na waje uku na gida, saboda saɓa wa ƙa'idojin kare fasinja. Ƙorafin fasinjoji ne yake kai hukuma ga irin wannan mataki.

Wata dabara da ke gajiyar da mutane ita ce turo-turo. Kamfanin jirgi ya ce je wurin inshora, inshora ta ce je wurin kamfanin jirgi. Hanyar fita ita ce a fara da kamfanin jirgi, tun da shi doka ta fara ɗora wa nauyi, a karɓi amsarsa a rubuce, ko ya biya ko ya ƙi, sa'an nan a kai wannan amsa ga inshora domin abin da ya saura.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce. Za su ce haƙuri ya fi, mutumin kirki ba ya son fitina, kuma wa ya isa ya ja da babban kamfani? Muna girmama wannan hali, domin shi ya riƙe gidaje da yawa. Sai dai muna tambaya, wa ke cin ribar wannan haƙurin? Wanda ya yafe wa maƙwabcinsa bashi ya san abin da ya yafe, ya kuma yi shi da zuciya ɗaya. Wanda ya bar hakkinsa don tsoron Turanci da takardu kuwa, gajiya ce ta kayar da shi, kuma shirunsa yana koya wa kamfani cewa mutanen nan ba sa tambaya, gobe a yi wa wani. Haƙurin da ake bukata a nan shi ne na rubuta wasiƙa ta biyu da ta uku, da jiran mako 8, da adana kowane rasit. Irin wannan mai haƙuri ne yake dafa dutse. Amma muna gargaɗi da babbar murya: kada kowa ya ƙara ko kwabo a kan asarar da ya yi, kada a sayi rasit na jabu, kada a roƙi likita ya rubuta abin da ba haka ba. Ƙarya ɗaya tana rushe da'awa duka, tana iya kai mutum gaban alƙali, tana kuma ɓata sunan sauran matafiyanmu.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumar NAICOM da ta sa kamfanoni su riƙa ba kowane mai saye shafi ɗaya cikin harshe mai sauƙi, har da Hausa, wanda ya lissafa abin da za a biya da abin da ba za a biya ba, da lambar agaji, da inda ake kai ƙorafi. Muna kira ga NCAA da ta yawaita sanarwa a rediyo cikin harsunan gida, ta kuma sa teburinta na ƙorafi inda fasinja zai gani a filayen jiragen Kano da Kaduna da Jos da Yola. Muna kira ga hukumar NCPC da hukumomin ziyara na jihohi da su ba kowane mai ziyara kwafin sharuɗɗan inshorar da aka yi masa, a kuma bayyana su a taron wayar da kai kafin tashi. Ejan-ejan kuwa su ji tsoron Allah, su daina cika fom a bayan idon mutane.

Ga ikilisiyoyinmu, ba mu ce a daina baiko ba, domin asibiti ba ya jiran wasiƙa. Abin da muke cewa shi ne a haɗa biyun. Kusan kowace babbar majami'a tana da lauya ko nas ko ma'aikacin banki ko malamin makaranta mai ritaya a cikinta. Mutum biyu ko uku daga cikinsu sun isa su zauna da mai shirin tafiya su karanta masa takardunsa kafin ya tashi, su kuma taya wanda aka hana hakkinsa rubuta ƙorafi. Game da dattijuwar da muka fara da labarinta, muna roƙon dattawan ikilisiyarta su nemi fom ɗin nan da wasiƙar likita tun wa'adi bai cika ba. In ta tabbata kamfanin ne mai gaskiya, an huta da zargi. In kuwa akwai abin da ya kamata a biya ta, a karɓo a sauke wa ɗiyarta bashi.